Hoton Nayagara a kantin Balad: tsoho ne ko sabon bugu?

Malam, ka ce wani mai kanti a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ya nuna maka hoton mafaɗar ruwan Nayagara, yana rantsuwa ya haura shekara 150. Kafin ka ciro riyal ko ɗaya, nemi tabarau mai ƙara girma ka duba launin. Idan ka ga ɗigo-ɗigo a jere kamar na jarida, bugun inji ne na zamani, ka bar masa abinsa. Launin hannu na ruwa ne, wani wurin ya yi kauri, wani wurin ya ɗan tsallake layi.

Sannan shafa gefen takardar. Farantin ƙarfen da ake buga tsofaffin hotuna da shi yakan bar ɗan lotsawa kewaye da zanen. Hotunan Nayagara na W. H. Bartlett, mai zane ɗan Ingila, na wajen 1840, baƙi da fari aka buga su. Launin da ake gani a yawancinsu daga baya aka shafa, don haka kada a tsuga maka kuɗi da sunan "launin asali".

In ka saya, danshin iskar Jidda ne abokin gabarka. Wani hotona ya yi tabo ja-ja cikin shekara biyu. Ka nisanta shi da taga da bangon banɗaki.