Nonon da ya ƙi barci, da zancen maganaɗisu a cikin madara

Wata baiwar Allah daga Tawa ta aiko tambaya. Tana sarar madara wajen makiyaya, ta dafa, ta zuba iri, ta rufe ƙwarya. Sau biyu ke nan gari na wayewa ta tarar nonon bai yi barci ba, yana nan tsararo. Ko irin ne ya lalace?

Hajiya, kafin ki zargi irin, tambayi mai kawo miki madarar ko ya yi wa wata saniya allura kwanan nan. Ƙwayoyin halitta masu amfani ne ke sa nono ya yi tsami ya kama jikinsa. Magunguna irin su fenisilin da oksitetrasiklin, waɗanda ake ba saniya in hantsarta ta kumbura ko tana zazzaɓi, suna fitowa ta cikin madara, kuma ba su san na gida da baƙo ba: kamar yadda suke kashe ƙwayar cuta haka suke kashe irinki. Madarar saniya guda ta isa ta ɓata ta garke in an haɗe su a jarka ɗaya. Tafasawa ba ta fid da ke, don wuta ba ta cinye maganin duka. Sanyin hunturu ma na hana nono kamawa, amma in ɗakin da ɗumi, zargi allurar.

Ki gwada haka: ƙananan kwanoni biyu, iri ɗaya, madarar mutum biyu daban. Da safe za ki san jarkar wa ke da magana.

Wani matashi da ke tara madara daga Hamdallaye yana kawowa Yamai ya ce ya ji ana gano magani a madara da maganaɗisu. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, ɗana, amma ba wai ka tsoma maganaɗisu cikin jarka ba. Masana na haɗa wani gari daga sinadarin ƙarfe, ƙwayarsa ba ta wuce nanomita 100 ba, alhali kaurin silin gashi ya kai dubbai goma-goma na nanomita. Ana lulluɓe kowace ƙwaya da abin da ke cafke magani iri guda, kamar makulli da kwaɗonsa. A zuba garin cikin madara kaɗan, ya kama maganin, sai a kara maganaɗisu jikin kwalbar. Garin duk ya taru gefe guda, a zubar da madarar, a auna abin da ya maƙale, ko ta sauyin launi ko da na'ura. Amfaninsa a nan yake: maiƙo da furotin na madara suna rikita awo, ga shi abin da ake nema ɗan mitsitsi ne. Ƙa'idar abinci ta duniya, wato Codex, ta yarda da mikirogiram 4 kacal na fenisilin a litar madara, 100 na tetrasiklin, dangin oksitetrasiklin. Mikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram.

Yawancin wannan aiki har yanzu a ɗakunan bincike yake, kada wani ya karɓe maka kuɗi da sunansa. Abin da ke hannun masu sarrafa madara shi ne ƴan takardun tsomawa masu nuna layi cikin mintoci, da wani gwaji mai suna Delvotest mai ɗaukar kusan awa 3. In kana son awo na hukuma, ga LABOCEL, ɗakin binciken dabbobi na gwamnati, nan Yamai.

Na ƙarshe makiyayi ne: kwana nawa zai jira bayan allura?

Malam, babu kwana ɗaya ga duk magunguna. A jikin kwalbar aka rubuta, da Faransanci, kuma na madara daban da na nama. In babu mai karantawa, kai wa likitan dabbobi. Wasu allurai masu daɗewa a jiki ma an hana yi wa saniyar tatsa. Kwalbar kasuwa da rana ta cinye rubutunta kuwa, ni ban yarda da ita ba. Ɗaura wa saniyar jan ƙyalle a ƙafa, a tatse ta ƙarshe cikin ƙwarya daban, kada a sayar, kada a dama wa yara fura da ita. Lissafin kwanakin daga allurar ƙarshe ake farawa, ba ta farko ba.