Kyamarar fim a zafin Saudiyya: amsoshin masu karatu

Tambaya: Tun ina saurayi a Kano nake ɗaukar hoto baƙi da fari. Yanzu na ajiye aiki a Jidda, ina so in koma wa abina. A kasuwar Sawarikh na ga Pentax K1000 da Canon AE-1, kuɗinsu kusan ɗaya. Wacce zan ɗauka?

Baba, ɗauki Pentax ɗin. Duka biyun a 1976 suka fito, amma halinsu ya sha bamban. K1000 da ƙarfe da sifirin take aiki, batirinta na ma'aunin haske ne kawai, ko ya mutu za ta ɗauki hoto. Ita kuwa AE-1, in babu batir ko motsi ba ta yi, kuma kayan lantarkin da suka doshi shekara 50 samun mai gyaransu sai an sha yawo.

Kada ka ba da kuɗi sai ka buɗe bayanta. Akwai siririn soso a gefen murfin da ke hana haske shiga. Zafin garin nan yakan narkar da shi ya yi danƙo. Wannan gyara ne mai araha, ka rage wa mai kaya farashi a kansa. Abin gudu yana cikin gilashin idon kyamarar. Haska shi da fitilar waya: in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, laimar Bahar Maliya ce ta haifar da ita. Ajiye masa abinsa.

Batun fim, kowa Kodak Tri-X yake yabo, ko Ilford HP5 Plus, duka masu lamba 400 (lambar da ke nuna saurin fim wajen kama haske). Sun dace da lungunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, inda dogayen gidaje masu tagogin katako ke tare rana. A bakin teku da tsakar rana kuwa hasken ya yi musu yawa, tunda saurin ƙiftawar K1000 bai wuce 1/1000 na daƙiƙa ba. Can Ilford FP4 Plus mai 125 ya fi. Kafin hannu ya dawo, yi ta gwaji da fim ɗin Kentmere, ya fi sauƙin kuɗi. Kuma ka san garin: ba a ɗaga wa mutum kyamara sai da izininsa, balle mata.

Tambaya: Ɗana yana kawo mini fim daga Ingila, ni nake wankewa a gida a Madina, amma hotunan suna fitowa da hazo. Fim ɗin ne ba shi da kyau?

Hajiya, da wuya. Tambayi ɗanki inda yake sa shi. Na'urar da ke duba manyan akwatuna a filin jirgi tana ƙona fim, sababbin na'urorin CT na jakar hannu ma wucewa ɗaya ta isa ta ɓata shi. Ya zuba shi a farar leda, ya roƙa a duba da hannu.

In ya iso, firiji ne makwancinsa, ba mota ba. Ki fitar da shi awa biyu kafin ki buɗe kwanonsa, don kada raɓa ta kwanta masa. Sai ruwan wanki: lokutan da aka rubuta a jikin magani na digiri 20 ne, ruwan tankin saman gida kuwa da rani ya zarce haka nesa. Sayi ma'aunin zafi, ki riƙa jefa ƙanƙara har ya sauko kafin ki haɗa maganin.