Ko ciwon tayirod na iya jawo damuwa da ƙuncin rai?

'Yar'uwa, kin tambaya ko kasala da ƙuncin rai da kike fama da su tun bayan haihuwa suna da alaƙa da tayirod, kuma lallai hakan na iya faruwa. Tayirod halitta ce a gaban wuya, wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, kuma tana fitar da sinadaran T4 da T3 masu daidaita saurin aikin jiki har da ƙwaƙwalwa. Idan sinadaran suka yi ƙaranci, mutum kan ji baƙin ciki da mantuwa da nauyin jiki, ga yawan jin sanyi da ƙiba, abin da sau da yawa ake ɗauka ciwon damuwa ne kawai. Idan kuwa suka yi yawa, sai fargaba da faɗuwar gaba da saurin fushi da rashin barci.

Wasu mata kan samu wannan matsala cikin shekarar farko bayan haihuwa. A ganina, ki nemi likita ya yi miki gwajin jini na TSH (sinadarin da ke umartar tayirod ta yi aiki) da T4. In an samu ƙaranci, ana ba da maganin levothyroxine, sannan a maimaita gwajin bayan mako 6 zuwa 8. In kuwa ƙuncin bai sauka ba, ki ga likitan ƙwaƙwalwa, domin cututtukan biyu kan haɗu.