Na karanta tauhidi, ko asibitin Katolika zai ɗauke ni aiki?

Tambaya: Mama, barka da aiki. Na yi karatun falsafa da tauhidi a makarantar horar da limaman Katolika, amma Allah bai nufa na zama Fada ba. Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Sabon Gari, sai dai hankalina yana wajen marasa lafiya. Akwai gurbin irina a asibitocin coci? Daga wani matashi, Zariya.

Amsa: Ɗana, akwai. Amma tun da wuri ka sani, takardar tauhidi ba ta ba ka ikon riƙe allura. Aikin nas sai da lasisin hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa. In can zuciyarka ta karkata, sai ka koma aji, asibitin St. Gerard da ke Kakuri a Kaduna yana da makarantar nas.

Inda karatunka zai yi rana shi ne zama da majinyaci da danginsa. Shafa wa mara lafiya tsarkakakken mai da jin ikirarin zunubi, wannan na Fada ne shi kaɗai. Sauran kuwa a buɗe yake gare ka, kuma shi ne mafi yawa. Na yi shekaru ina aikin jinya, na sha ganin uwa zaune kan tabarma a barandar ɗakin yara, kular abinci na gefenta ko buɗewa ba ta yi ba. Likita ya yi bayani da Turanci ya wuce, mu nas-nas muna ta gudu da magani, ba mai zama ya tambaye ta abin da ta fahimta. Wannan gurbin nake so irinka su cike. Ka kuma tuna cewa a ƙasarmu nan, da yawa daga masu kwanciya a asibitin mishan Musulmi ne. Ba wa'azi ya kai ka bakin gadonsu ba. Ka san lokacin da za ka nemo musu liman, ka taya dangi juya gado ya fuskanci alƙibla in sun buƙata, ka iya yin shiru.

Maganar albashi fa, ba zan ɓoye maka ba: irin wannan hidima galibi ta sa kai ce. Guraben da ake biya sun fi yawa a ofishin gudanarwa, da sashen ba da shawara ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau, da ayyukan Caritas Nigeria, ƙungiyar agaji ta cocin Katolika, da JDPC, hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya ta dayosis, wato yankin da bishop guda ke kula da shi. Akwai kuma CHAN, ƙungiyar asibitocin mishan da aka kafa a 1973. Duk waɗannan za su so ganin wata takarda bayan ta tauhidi, don haka ka ƙara difloma a aikin jin daɗin jama'a ko gudanar da asibiti.

Kada ka saki koyarwarka yanzu. Ka je wajen Fadan cocinku ya rubuta maka wasiƙa zuwa ga mai kula da harkar lafiya na dayosis. Dayosis ɗin Zariya sai a 2000 aka cire ta daga Kaduna, saboda haka ka leƙa Kaduna da Jos ma, inda asibitocin Katolika suka daɗe. Kafin nan, ka nemi shiga cikin masu ziyarar marasa lafiya a asibitin koyarwa na Shika, ko St. Luke na Wusasa, ko da yake shi na Angilika ne. Ranar 11 ga Fabrairu coci ke bikin ranar marasa lafiya ta duniya. Ka sa ta zama ranar farawarka, in ya so bayan wata shida ka sake rubuto min.