Zuwa shaƙatawa bakin tafki ko dam da yara

Ka ce akwai tafki da dam kusa da ƙauyenku, kana so ka riƙa kai yara shan iska, ko da matsala? To ɗan'uwa wuri ne mai daɗi wallahi, musamman da sassafe, ga iska ga tsuntsaye, in kana da ƙugiya ka ɗan taɓa kamun kifi. Amma dam sai da lura fa, ruwan kwance yake kamar ba komai alhali taku biyu sai ka ji ba ƙasa, kuma can ciki ya fi sama sanyi sosai, ƙafa na iya riƙewa ko ka iya iyo. Kar ku zauna ta ƙasan madatsar, in aka buɗe ƙofofi ruwa ba ya sallama.

Abin da mutane ke rainawa kuma tsargiya ce. Tsutsar daga jikin katantanwa take fitowa ta shiga ta fata, ba sai an sha ruwan ba, daga baya ka ga yaro na fitsarin jini. Ni dai nawa ba sa shiga. Tambayi masunta ko akwai kada ko dorina, in za ku hau kwalekwale kowa ya sa rigar ceto, ku tashi kafin magariba saboda sauro.