Gashi bai cika ba bayan maganin kansar mama

'Yar'uwa, kin ce shekara guda ke nan da gama kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa da ake sakawa ta jijiya), amma gashin ya fito shara-shara har ana ganin fatar tsakiyar kai, kina tambaya ko zai koma yadda yake. Gaskiya idan an wuce wata 6 da gama magani bai cika ba, da wuya ya dawo kamar da, musamman in kemo mai suna docetaxel aka yi miki. Amma yana iya ƙaruwa. Ki ga likitan fata, a yi miki gwajin ƙarancin jini da na matsalar tayirod (halittar da ke gaban wuya, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo), don su ma suna sa gashi zubewa. Likitoci kan rubuta minoxidil na shafawa. Sai an yi wata 4 zuwa 6 kafin a ga bambanci, kuma in aka daina, abin da ya fito zai sake zubewa.

Sharaɗi ɗaya: in kina shan tamoxifen ko letrozole (ƙwayoyin da ake ba wasu masu kansar mama su ci gaba da sha), su ma suna rage gashi, amma kada ki kuskura ki ajiye su sai da sanin likitanki, don su ne ke rage haɗarin dawowar cutar. Yayata na kan tamoxifen yanzu haka. Abin da ya fi taimaka mata shi ne barin rilaksa da kitson da ake ja har goshi ya ɗaure. Ta rage tsawon gashin, tana shafa man kaɗanya kaɗan, ta sa hula mai santsi a ƙarƙashin ɗankwali saboda gogar atamfa. Haɗe-haɗen da ake tallatawa a WhatsApp kuwa, kuɗinta kawai suka ci.