Filin Tambaya: Wane irin shanu zan saya na iri?

Tambaya: Salam Malam, ina Kontagora, na ɗan tara kuɗi ina son fara kiwon shanun nama, bijimi ɗaya da karsana uku. Abokina ya ce in nemi na waje wai sun fi nama, ya ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ban ba ka shawarar na waje ba, zafinmu da kaska da kirci za su wahalar da su, kuɗinka duk ya ƙare a allura. Nemi Bunaji ko Bokolo, wato Gudalin Sakkwato. Bokolo ya fi cika da nama amma a wajenku da akwai ƙudan tsando mai kawo cutar sammore ni dai Bunaji zan ɗauka, ya fi jure wahala.

Kuma don Allah kar ka sayi na iri a kara ranar kasuwa, dillali la'adarsa yake nema kawai. Je ruga wajen makiyayin da aka sani, ka ga uwar karsanar da idonka, ka tambayi haihuwarta nawa, ta taɓa ɓari? Garken da ake yawan ɓari ana zargin cutar bakkale mai sa ɓari, gudu ka yi. Buɗe bakin karsanar, in manyan haƙora 2 ne a ƙasa to yarinya ce. Bijimin kuwa a duba marainansa su zo daidai ba kumburi, a kora shi ka ga tafiyarsa.

In da hali ka leƙa NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, a Shika kusa da Zariya. In ka kawo shanun gida a ware su sati 3, likitan dabbobi ya yi musu rigakafin ciwon huhu kafin su haɗu da wasu.